Kwatabak ne ke kayar da ƙungiya ko masu ofis? Abin da na gani a Houston

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka ce ka fara bin ƙwallon Amurka ta NFL, kuma ka lura duk ƙungiyar da ta sha kashi kwatabak ake zagi, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa wa 'yan'uwansa ƙwallo, shi ne kake tambaya ko da gaske laifinsa ne ko na shugabanni. Ka ƙara da cewa taimakon da 'yan wasan ke yi wa jama'a, har zuci ne ko don kyamara? Ni a Houston nake zaune tun ƙungiyar Texans tana sabuwa, ita nake goyon baya, kuma duk abin da ka tambaya ya faru a garin nan a kan idonmu. Da ita zan amsa maka.

Akwai wani tsari da sai ka gane shi kafin ka yanke wa kowane kwatabak hukunci. A zaɓen sababbin 'yan wasa da ake yi duk shekara, ƙungiyar da ta fi kowa lalacewa ita ke fara ɗauka. Ke nan yaron da ya fi kowa iya jifa a jami'a, gidan da ya fi kowane rushewa ake kai shi. Shi kuwa aikin nan ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai ƙarti 5 a gabansa da ke tare masa abokan hamayya, kuma daga lokacin da ƙwallo ta shiga hannunsa, daƙiƙa 2 zuwa 3 gare shi ya duba fili, ya gane wanda ya kuɓuce, ya jefa. Koci ne ke faɗa masa wasan da za a buga ta rediyon da ke cikin hular kwanonsa. Manaja ne ya zaɓo masa waɗanda za su cafe. In ƙartin nan suka rage masa rabin daƙiƙa kawai, sai ka ga gwani ya koma kamar ɗan koyo.

Da David Carr muka fara ganin haka. Shi Texans ta fara ɗauka a 2002, shekarar da ta soma wasa. Wanda aka ɗauko don ya kare masa baya, Tony Boselli, ciwon kafaɗa ya hana shi buga ko wasa ɗaya. A kakar farko kaɗai an kayar da Carr sau 76 kafin ya jefa ƙwallo, abin da ba a taɓa yi wa wani ba a tarihin gasar. Cikin shekara 5 sau 249. A ƙarshe yaron ya daina kallon masu cafewa, sai kallon masu zuwa buge shi, kuma wallahi ba na ganin laifinsa. A rediyon gari kullum shi ake sara, ana cewa ba shi da zuciya. Ban san wanda za a yi wa wannan dukan ya fito da zuciyarsa yadda take ba.

Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai kwatabak ɗin da da kansa yake jan ƙungiya baya. A 2016 an ba Brock Osweiler kwantiragin dala miliyan 72, ya zo ya jefa ƙwallo 16 a hannun abokan hamayya, 15 kawai ya jefa ta cin maki. 'Yan bayanmu ne suka ɗauki ƙungiyar a kafaɗa har ta ci wasa 9. Nan kam babu wanda zai wanke shi. Sai dai ka tambaya wa ya sa hannu a takardar. Da aka gaji, sai da aka haɗa wa Cleveland da damar zaɓe ta zagaye na biyu kafin ta yarda ta karɓe shi da albashinsa.

Inda abin ya fi yi min ciwo shi ne zamanin Deshaun Watson. An ɗauko shi a 2017, kuma tun wasanninsa na farko kowa ya san an samu na gaske. A 2018 an kayar da shi sau 62. Maimakon a gina masa katanga a hankali, sai aka yi gaggawa aka ba Miami zaɓen zagayen farko guda 2 don a karɓo Laremy Tunsil, mai tare wa kwatabak abokan hamayya. Tunsil gwani ne, ba musu, amma an sayar da gobe don yau. A Janairun 2020 muka je Kansas City muna gaba da 24 da nema. A cikin gidan wani ɗan'uwa muke kallo, har wasu sun fara kiran abokansu a waya. Kocinmu Bill O'Brien ya sa aka yi wata dabarar yaudara a ɓangarenmu na fili ba gaira ba dalili, ba ta ci ba, kafin hutun rabin lokaci kwatabak ɗinsu Patrick Mahomes ya juye wasan 28 da 24, aka tashi 51 da 31. Bayan wannan, maimakon a rage wa O'Brien iko, sai aka tabbatar masa da kujerar babban manaja a kan ta koci. Wata biyu da yin haka ya sayar da DeAndre Hopkins, ɗaya daga cikin manyan masu cafe ƙwallo a duk gasar, ga Arizona a farashin da har yau mutanen garin nan ba sa son a tuna musu. An kori O'Brien a Oktoba bayan an sha kashi sau 4 a jere. A wannan kakar Watson ya fi kowa a NFL jimillar nisan jifa, yadi 4,823, amma ƙungiyar wasa 4 ta ci, ta faɗi 12. Duk wanda ya ce maka kwatabak ne komai, ka nuna masa wannan shekarar.

Ba a Houston kaɗai ba. Matthew Stafford ya yi shekara 12 a Detroit bai ci wasan sili-ɗaya-ƙwale ko ɗaya ba, ya koma Rams, a shekararsa ta farko ya ɗauki kofi. Shi kansa Mahomes, a wasan ƙarshe na Fabrairun 2021 da masu kare shi na gefe biyu suka ji rauni, gudu ya wuni yana yi, Tampa ta doke su 31 da 9.

Akwai kuma maganar kuɗi, wadda masu kallo ba su cika lura da ita ba. Kowace ƙungiya tana da iyakar albashin da ba za ta wuce ba, a 2024 dala miliyan 255 da ɗoriya ne, kuma a ciki za a biya mutum 53. In kwatabak ya kwashe miliyan 60 a shekara kamar Dak Prescott na Dallas, dole a rage wani wuri. Shi ya sa shekarun farko na yaron da aka ɗauko, lokacin da albashinsa ke da araha, su ne damar manaja mai hankali. Haka San Francisco ta kai wasan ƙarshe da Brock Purdy, wanda shi ne na 262 kuma na ƙarshe a zaɓen 2022, tana biyansa abin da bai kai miliyan ɗaya ba, sauran kuɗin ta zagaye shi da gwanaye. Mu ma a 2023, da aka kawo koci DeMeco Ryans da kwatabak C.J. Stroud, daga cin wasa 3 muka koma 10. Shekarar da ta biyo baya katangar Stroud ta yi rauni, aka kayar da shi sau 52, sai ga mutanen da suka ɗaga shi jiya suna cewa an gano lagonsa. Hannun nan dai shi ne, bai canja ba.

Maganar taimako kuwa, ba labari aka ba ni ba. A ƙarshen Agustan 2017 guguwar Harvey ta nutsar da Houston, ana dab da Babbar Sallah. Masallatai da dama sun buɗe ƙofa suka zama wurin kwanan waɗanda ruwa ya kora, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Mun kwashi kaya, mun cire jiƙaƙƙen kafet da katako daga gidajen maƙwabta, warin nan har yanzu ina tuna shi. A lokacin ne J.J. Watt, ɗan wasan Texans, ya ɗauki bidiyo a waya yana neman dala dubu 200. Kafin a rufe asusun an tara sama da miliyan 37 daga mutane fiye da dubu 200, daga baya jimillar ta haura miliyan 41. Abin da ya burge ni ba yawan kuɗin ba ne. Bai ce shi zai raba da kansa ba. Ya miƙa su ga ƙungiyoyin da suka san aikin, irin su Feeding America da Save the Children da Americares, sannan ya riƙa fitar da bayanin inda kowane kaso ya tafi, har da gidaje sama da dubu da aka gyara. Ya samu yabo, ya samu kyautar Walter Payton ta wannan shekarar, wadda NFL ke bayarwa saboda taimakon jama'a. To sai me? Wanda aka gyara wa rufi bai damu da ko an ɗauki hoto ba, kuma ba don sunan Watt da kyamarar ba, da kuɗin ba su taru ba.

Wanda na fi girmamawa a wannan fannin shi ne Warrick Dunn, wanda ya yi wa Tampa da Atlanta wasa. Mahaifiyarsa 'yar sanda ce a Baton Rouge, aka harbe ta a 1993, ta mutu ba ta mallaki gidan kanta ba, ta bar masa ƙanne yana ɗan shekara 18. Tun 1997 yake taimaka wa iyayen da ke renon 'ya'ya su kaɗai da kuɗin shiga gida da kayan ɗaki, kuma ya ci gaba shekaru bayan ya daina wasa, lokacin da babu mai bin sa da kyamara. A 2006 cikin waɗanda suka samu har da wata mata a Gainesville ta jihar Jojiya, ɗanta yana shekara 11. Yaron nan shi ne Deshaun Watson. Bayan Harvey, Watson ya ɗauki albashin wasansa na farko, kusan dala dubu 27, ya raba wa mata 3 masu aiki a ɗakin cin abinci na filin wasa waɗanda ruwa ya cinye musu kaya. Ranar da na ga bidiyon nan na yi ƙwalla.

Kuma shi wannan Watson ɗin ne mata fiye da 20 suka kai ƙara daga 2021, suna zarginsa da cin zarafi a wurin tausa. Ya musanta, masu taya alƙali duba tuhuma a Texas ba su gurfanar da shi ba, ya sasanta mafi yawan ƙararrakin a wajen kotu, NFL kuma ta dakatar da shi wasa 11 tare da tarar dala miliyan 5. Cleveland ta san da zarge-zargen nan ta karɓe shi, ta ba da zaɓen zagayen farko guda 3 da kwantiragin miliyan 230 da dole ta biya ko ya buga ko bai buga ba. Ta shiga uku da cinikin, mu kuma da ɗaya daga cikin zaɓukan nan aka haɗa aka samo ɗan baya Will Anderson. A zauren hirarmu an yi faɗa sosai a kan wannan, wasu na kawo kyautar da ya yi wa matan ɗakin abinci a matsayin hujjar cewa ba zai aikata ba. Ban yarda da su ba, har yau ban yarda ba. Kyautar ta isa hannun masu buƙata, wannan gaskiya ne. Amma ba ta zama shaida a kan abin da ya faru a ɗakin da ba mu shiga ba, kuma matan da suka yi kuka su ma 'ya'yan wasu ne.

Zuciyar mutum Allah kaɗai ya san ta, don haka ni ba na ɓata lokaci a kan niyya. Abin da ake iya dubawa shi nake dubawa. A Amurka gidauniyar da aka yi wa rajista dole ta miƙa bayanan kuɗinta ga hukumar haraji, kuma kowa zai iya nemo su a intanet. In wani ɗan wasa ya burge ka, ka nemo na gidauniyarsa ka ga nawa ya shiga, nawa ya tafi liyafa da albashin ma'aikata, nawa ya isa ga mutane, sannan ka duba ko tana nan da rai bayan ya yi ritaya.