Shin taransisto zai iya karanta hasken wayar faiba?

Tambaya: Malam, ni mai gyaran rediyo da waya ne a Marwa. Na ji ana cewa taransisto kan karɓi saƙon haske daga wayar faiba ya mayar da shi siginar rediyo a kan hasumiyar sadarwa. Gaskiya ne? In haka ne, na shagonmu za su yi?

Amsa: Gaskiya ne zai iya, ƙanena, kuma abin ya daɗe. Tun 1950 kamfanin Bell Labs na Amurka ya sanar da taransisto mai jin haske, wanda John Shive ya ƙirƙiro. Kai ma in ka yanke murfin ƙarfen tsohon taransisto mai lamba 2N3055 ka haska masa tocila, za ka ga mita ta motsa. Hasken ne ya saki lantarki a mahaɗar bes da kolekta, taransiston kuma ya ninka shi.

Ga abin da ya sa injiniyoyi suka ƙwallafa rai a kansa. Igiyar rediyo ta milimita, wato daga 30 zuwa 300 GHz, tana ɗaukar bayanai masu yawa amma ba ta da nisan tafiya. A 60 GHz iskar oksijin kaɗai kan cinye kusan 15 dB (ma'aunin ƙarfin sigina) a kowace kilomita, ga bango, ga ruwan Agusta. A cikin zaren gilashi na wayar faiba kuwa, haske mai tsawon igiya 1550 nm (nanomita) ba ya asarar abin da ya wuce kimanin 0.2 dB a kilomita. Saboda haka sai a ɗora siginar a kan hasken leza daga babbar tasha, a kai ta gindin eriya, sannan a sake ta a iska. Tun da tafiyarta gajeriya ce, dole eriyoyi su yi yawa, kowacce kuma ta zama mai sauƙi da araha.

Hanyar da aka saba ita ce dayod mai jin haske, sai amfilifaya, sai mahaɗin sigina. Taransisto ɗaya kan iya haɗa ukun: ya ji haske, ya ƙara ƙarfi, in an ba shi sigina ta biyu kuma ya ɗaga saƙon zuwa igiyar milimita. A wurin da wuta ke yawan ɗaukewa, ana dogaro da sola da batir, rage kaya a kan hasumiya ba ƙaramin abu ba ne, kuma wannan ne ya fi jan hankalina.

Sai dai na shagonka ba za su yi ba, domin yawancinsu da silikon aka yi su. Silikon ba ya jin hasken da ya wuce kusan 1100 nm, faibar nesa kuwa da 1310 da 1550 take aiki. Ana buƙatar wani sinadari mai jin irin wannan hasken, mai suna InGaAs, da aka shimfiɗa a kan wani mai suna InP.

Ko da wannan ɗin akwai cikas. Tagar da haske zai shiga tana son faɗi, sauri kuma yana son ƙanƙanta. Ka faɗaɗa tagar, ƙarfin riƙe caji ya ƙaru, na'urar ta yi nawa. Ka matse ta, hasken ya zube a gefe. Shi ya sa har yanzu yawancin aikin nan a ɗakunan bincike yake, kayan kasuwa kuwa dayod da amfilifaya za ka tarar a cikinsu.