Amsa: Yadda za ka tsara abincin ƙadangarenka mai gemu

Ɗan'uwa, ka ce ƙadangarenka mai gemu (bearded dragon, wanda ake kiwo a gida) wata huɗu gare shi kuma ya ƙi ganye sai ƙwari. Kada hankalinka ya tashi, haka ƙanana suke. Yana cikin girma, don haka yawancin abincinsa ƙwari ne: gyare, fara ko kyankyason dubiya (wani irin kyankyaso da ake kiwo don ciyar da dabbobi), sau biyu a rana. Kowane ƙwaro kada ya fi faɗin tsakanin idanun ƙadangaren, manya na iya toshe masa hanji. Duk da haka ka riƙa ajiye masa yankakken ganyen mustad da ɗan kabewa kowace safiya, ko bai taɓa ba. Idan ya kai wata 18 abin zai juya, ganye ya zama kusan kashi 80, ƙwari kuma sau biyu ko uku a mako.

Inda na fi so ka kula shi ne kalsiyam. Ka barbaɗa hodarsa a kan ƙwarin kafin ka ba shi, ka kuma ciyar da ƙwarin da kayan lambu kwana guda kafin nan. Amma hodar ba ta aiki sai da fitilar UVB, wadda ke ba da irin hasken rana, domin da haskenta jikinsa ke samar da bitamin D3. In babu, ƙashinsa zai yi laushi, muƙamuƙi ya lanƙwashe. Abin tausayi ne ƙwarai.

Alayyafo sai jefi-jefi, yana hana kalsiyam shiga jiki. Fiya (avocado) da ƙwaron nan mai walƙiya da dare, guba ne gare shi.

Ka ba shi abinci bayan ya sha ɗumi awa guda, ba dab da kashe fitila ba.