Jijiyar idon kifi tana sake tsirowa, ta Baba fa?

Tambaya: Likita, hawan jinin ido ya cinye wa mahaifina ido ɗaya, ɗayan ma ya fara dushewa. Na karanta cewa jijiyar idon kifi tana sake tsirowa idan an yanke ta, kuma wani mai magani ya ce man kifinsa zai yi wa Baba haka, har ya ce a dakatar da maganin ɗigawa na asibiti. Hankalina ya tashi.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, Malama. Abin da kika karanta gaskiya ne. A 1963, masu bincike biyu, Attardi da Roger Sperry, a Amurka sun yanke jijiyar gani ta kifin gwal, suka kuma cire rabin shimfiɗar bayan ido mai karɓar haske. Zaruruwan jijiya na rabin da ya rage suka tsiro, suka ƙetare guraben da babu kowa a ƙwaƙwalwa, kowanne ya koma mazauninsa na asali. Dalili kuwa shi ne wasu sinadarai da ake kira efrin, waɗanda suke da yawa a bayan cibiyar gani ta ƙwaƙwalwa, suna raguwa zuwa gabanta. Kan kowane zare yana jin yawansu, ya tsaya inda ya dace da shi, sannan aikin gani ya daidaita sauran.

Amma ɗan Adam ba haka yake ba. Idan jijiyar ganinmu ta lalace, kamar yadda hawan jinin ido ke lalata ta, ƙwayoyin halittar ido da suka fitar da ita mutuwa suke yi, tabo ya toshe hanya, kitsen da ya lulluɓe jijiyar kuma yana ɗauke da sinadaran hana tsiro.

Maganar mai maganin nan kullum muna jin irinta, kuma tana ƙona mini rai. Baiwar kifi tana cikin halittar ƙwayoyinsa masu rai, ba ta bin mai ko romo ta shiga jikin wanda ya ci. Sai a kawo mana dattijo yana lalube bango, ɗansa riƙe da ledar kwalabe, an yi watanni ba a ɗiga magani ba, matsin ido ya hau, ɗan ganin da ya rage ya tafi ba dawowa. Wanda ya karɓi kuɗin kuwa ya ci kasuwa ya wuce. Babu ƙwaya, babu tsimi, babu tozali da ke tayar da matacciyar jijiyar gani a yau.

Ku ci gaba da ɗigawa kan lokaci, ku mayar da Baba a auna matsin idonsa cikin makon nan, ke da ’yan’uwanki ma a duba ku, domin ciwon yana bin jini.