Ga jikata, a kan fushin Goggonki

Assalamu alaikum. Amaryata ta kaina, ina gajiyar suna? Yaya ɗan baƙon, yaya kuma wancan da ya ƙwace mini ke? Ki ce masa ban yafe ba har yanzu.

Ƙanenki ya karanta mini saƙonki, shi ne kuma yake rubuta wannan, don ido ya fara yi mini gardama. Kin ce Goggonki ta kawo miki turmin atamfa da sabulai da 'yan rigunan jariri, kin yi mata godiya a take, da dare kuma kin tura mata saƙo ta WhatsApp, amma sai ga shi ana cewa tana fushi, wai ba a gode mata ba. Kina tambaya godiya sau nawa ake yi. Kin kuma ce wata ƙawarki tana da littafin da take rubuta abu uku da ta gode wa Allah a kansu kowace rana, ko muna da irin wannan a al'adarmu?

Goggonki 'yata ce, na san halinta, akwai saurin ɗaukar zafi. Amma a wannan karon tana da hujja. Godiyar da kika yi lokacin da ta miƙo miki kaya ta karɓa ce, ko a kasuwa ana yin irinta. Wadda ake jira ita ce ta washegari, bayan abu ya kwana a hannunki kin buɗe kin duba. A taka ƙafa a je har gida, a gaisa, a ce, "Mun ga abin alheri, Allah ya saka, Allah ya bar zumunci." Ai kin san an ce zumunta a ƙafa take. Shi ya sa bayan biki ko suna ake bin gidajen waɗanda suka yi ɗawainiya ana yi musu ban gajiya.

Na san mai jego ba ta yawo sai ta yi arba'in, don haka ba wanda ya sa ran ganinki a ƙofarta. Inda kika yi sake shi ne ba ki nemi a taya ki ba. Mu godiya ba ma yin ta mu kaɗai. Kamata ya yi ki baje kayan a gaban mijinki da surukarki, ki ce ga abin da Goggo ta kawo, ku taya ni godiya. Ki gaya wa babanki, shi ma in sun haɗu da yayarsa ya ce ya ji abin arziki. Abin da take so ta sani shi ne dangin mijinki sun ga cewa kina da gata. Saƙon waya kuwa daga hannunki sai hannunta, ba wanda ya shaida.

Muna yara, mahaifiyata takan aike ni da kwanon dambu ko na tuwon sallah gidan maƙwabta. Ba a taɓa dawo da kwanon nan wayam ba. In an wanke shi sai a jefa wani abu ciki, ko 'yar gyaɗa, ko ƙuli-ƙuli, ko goro biyu, ni kuma ɗan aike a danƙa mini kwabo. Wannan shi ne tukuici, wanda ake cewa yaba kyauta tukuici. Amma ba kwabon ne ya dame ta ba. Ina shiga za ta tare ni da, "Me ta ce?" Dole in maimaita godiyar kamar yadda aka faɗe ta, da addu'o'in duka. Wata rana na tsaya kallon langa a hanya, na manta komai, na ce, "Ta ce ta gode." Ta kalle ni ta ce, "Shi ke nan? Koma ka jiyo." Haka na koma da kunyata, tsohuwar tana dariya ta sake jero mini, ta ƙara da wata addu'ar da ba ta cikin ta farko. Da irin wannan aike muka koyi kalmomin, ba wanda ya zaunar da mu.

Batun yin godiya kullum kuwa, ai tun safe kike yi ba ki lura ba. Saurari gaisuwarmu. Ina aiki? Da godiya. Yaya gida? Alhamdulillahi. Yaya ruwa? Ya yi gyara, ko da ya rushe wa mutum katanga. Yaya sanyi? Lokacinsa ne. Ina labari? Sai alheri. Kafin Bahaushe ya isa kasuwa ya gode wa Allah ya fi a ƙirga.

Na taɓa ganin wannan kamar yaudarar kai ne. A farin 1973, shekarar da aka shigo da naira, ina saurayi, gonar da muke ɗaure dami ya fi hamsin ko goma ba mu haɗa ba. Shanu na mutuwa, mutane na ta gangarowa daga arewa neman abinci. Ina tsaye wani ya tambayi mahaifina ina aiki, ya ce da godiya. Da mutumin ya wuce na ce, "Baba, godiyar me?" Bai ce mini uffan ba. Da magariba ya sa na ɗauki dami ɗaya daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan na kai gidan wata gwauruwa mai marayu, alhali abin da muka samu bai kai a fitar masa da zakka ba. Na shiga na tarar tukunyarsu a kife, murhu ko toka mai ɗumi babu. Hanyar komawa gida ban iya haɗa ido da kowa ba. Sai daga baya na ji hadisin da ke cewa mu dubi na ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah. Kuma kada ki ɗauka Baba yana ɓoye wahala. In an gama gaisuwa an zauna, yakan faɗi halin da ake ciki ga wanda zai iya taimakawa. Godiyar ce dai yake sa wa a gaba.

Lissafa ki gani. Fatiha da Alhamdu take farawa, kina karanta ta sau 17 a raka'o'in farilla. In kina tasbihin bayan salla, Alhamdulillahi 33 sau biyar ya zama 165. Matsalar ita ce baki ya saba, yana gudu zuciya na can wurin tukunya. A nan littafin ƙawarki yake da amfani, tunda yana sa ta tsaya ta ambaci abin da sunansa. Ban hana ki ba. Ni dai abin da nake yi, cikin 33 ɗin nan na asuba nakan ja birki a kan guda ɗaya in tuna takamaiman abu, yau ƙafar nan ta kai ni masallaci ba sanda. Sai dai littafi rufe shi ake yi a ajiye, alhali Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. In kin rubuta sunan mutum a ciki, to ki tabbata ya ji da kunnensa.

Ba duk abin da muka gada ne daidai ba. Mun iya gode wa na waje, na cikin gida kuwa sai mu fake da kunya. Kakarki, Allah ya jiƙanta, ta yi shekara fiye da 40 tana ajiye mini tuwo, ban fi in wanke hannu in tashi ba. Sai da ta kwanta ciwo, na ga yadda ake fama kafin ruwan zafi kawai ya iso ɗakina, sannan na fara ce mata sannu da aiki. Ranar farko ta zaci zolaya ce. Kada ki bari ke da mijinki ku kai haka. Ita ma Goggonki zan ja mata kunne, don bin mutane ana cewa ba a gode mini ba ya kusa zama gori, Alƙur'ani kuwa ya ce gori yana ɓata sadaka.

Yanzu ga abin yi. Ran Juma'a in an sauko masallaci mijinki ya biya ta gidanta, ya riƙe ɗan turare ko goro, ba sai mai tsada ba. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce an ga kaya, kada ya tsaya ba da uzuri. Ke kuma ki kai atamfar nan wurin tela tun yanzu. Ranar da kika fita yawon arba'in, ita za ki ɗaura, yaron ma a sa masa ɗaya daga cikin rigunan, gidanta kuma za ki fara sauka. Za ta ɗan sha kunu, ki ƙyale ta, kafin ki sauke goyo ta huce.

Ki shafa mini kan ɗan baƙon. Ƙanenki ya ce yatsunsa sun gaji, kuma wai yana jiran tukuicinsa daga wurinki, katin waya yake so.