Tambayi Anti: Burodin Ista mai zabibi ya fito min da tauri

Tambaya: Anti barka da aiki. Ina zaune a Jos, bara na je wajen yayata a Manchester daidai lokacin Ista, na ci wani ɗan burodi mai zabibi da ƙamshin kirfa, da farin zanen gicciye a samansa, hot cross buns suke ce masa. Da na dawo na gwada amma gaskiya abin ba kyan gani, ya yi tauri yara ma ƙin ci suka yi, zabibin na sama kuma ya ƙone yana ɗaci. Bana ina so in yi wa mutanen gida, don Allah ina matsalar take?

Amsa: Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Tun kafin in ga kicin ɗinki zan iya rantsewa fulawa kika yi ta ƙarawa. Kwaɓin nan yana da madara da bota da ƙwai, dole ya riƙa manne wa hannu da farko, to mu kuma da mun ga yana danƙo sai mu ce ai ruwa ya yi yawa mu barbaɗa fulawa, mu sake barbaɗawa, kafin ki ankara kin zuba rabin kofi da ba a ce ki zuba ba. Nan taurin yake fitowa. Mai za ki shafa a hannu ki ci gaba da murzawa, minti 10 cif, da kansa zai daina mannewa ya yi sulɓi.

Abin na Turawan Ingila ne, ranar Juma'ar da ke zuwa kafin Lahadin Ista suke ci, a ƙarshen kwanakin Lent, wato azumin Kiristoci, da a da ake ƙaurace wa bota da ƙwai, shi ya sa ake cika masa kayan daɗi. Mutanen garin St Albans suna cewa wani ɗan zuhudu nasu ne ya fara yi a 1361 yana raba wa talakawa. A 1592 kuwa, zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, har doka aka yi a Landan cewa ba a sayar da burodi mai kayan ƙamshi sai ranar wannan Juma'ar, ko Kirsimeti, ko wajen jana'iza, sai mutane suka koma gasawa a gida. Yanzu kam kantunansu tun watan Janairu suke jera shi, har da na cakulan, wanda ni dai ban ga abin burgewa a ciki ba.

Ga awon da zai ba ki guda 12. Fulawa giram 500, wajen kofi 4 kenan, in kin samu ta masu gidan burodi ta fi. Yis giram 7 wato ƙaramin cokali 2, suga giram 75, gishiri ƙaramin cokali 1, madara mililita 300, bota giram 50, ƙwai 1, zabibi giram 150. Kayan ƙamshi kuma kirfa ƙaramin cokali 1, gyaɗar ƙamshi rabi, citta rabi, kanumfari ɗan kaɗan don shi mugu ne yana danne kowa. Sai ki goga bawon lemun zaƙi 1, sama-sama kawai, farin da ke ƙarƙashin bawon ɗaci ne da shi. Kar ki ce bari in ƙara kirfa don ƙamshi ya cika gida, in ta yi yawa rage wa yis ƙarfi take yi kwaɓin ya ƙi tashi.

Ki ɗumama madarar ki narkar da botar a ciki, ki bari ta huce har ki iya sa yatsa ki barshi ba ki ji zafi ba, madara mai zafi kashe yis take. Ki haɗa komai banda zabibi, ki murza, ki rufe. Turawa za su ce a barshi awa 1 zuwa 2 amma wannan lissafin ƙasar sanyi ne, su Ista tana riskarsu sanyi bai gama tafiya ba, mu kuwa tsakiyar zafin bazara take faɗowa, tsakanin ƙarshen Maris da Afrilu. Don haka ki bar agogo ki dubi kwaɓin, in ya ninka girmansa ya yi. A Jos zai ɗan ja lokaci, wadda ke Sakkwato ko Maiduguri kuwa in ta tsaya kallon waya sai ta tarar ya yi tsami.

Zabibin ki jiƙa shi a ruwan ɗumi ko baƙin shayi minti 20 ki tsane sosai, sannan ki cusa a kwaɓin bayan tashin farko. In ya shiga a bushe ruwan kwaɓin yake zuƙewa, wannan ma yana cikin abin da ya jawo miki tauri. Da kin mulmula 12 ɗin, duk ƙwayar da ta leƙo waje ki tura ta ciki da yatsa, su ne masu ƙonewa. Ki jera su kusa-kusa a faranti ki rufe su sake tashi har su taɓa juna.

Zanen ba wani abu ba ne, fulawa giram 75 da ruwa babban cokali 5, ki dama ya yi kamar kunu mai kauri, ki ɗura a leda ki yanke bakinta ki ja layi a kan jerin gaba ɗaya, tsaye da kwance. Oben a digiri 200 na Celsius, minti 18 zuwa 20. Suna fitowa da zafinsu ki shafa zuma ko suga da aka narkar da ruwa, shi ke ba su ƙyallin nan.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti, ni Musulma ce daga Kano, na ga burodin a intanet yana ba ni sha'awa amma ban son zanen, kuma ba ni da oben, zabibi ma tsada. Zai yiwu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Zai yiwu mana, zanen fulawa ce da ruwa ba ta ƙara masa ɗanɗano, ki barshi kawai ki shafa ruwan ƙwai a sama kafin gashi, kin samu burodin shan shayi mai ƙamshi. A madadin zabibi ki yayyanka dabino ƙanana, amma ki rage suga zuwa giram 50 don dabino ya fi zaƙi.

Batun oben kuma, babbar tukunya mai kaurin gindi, ki zuba yashi mai tsabta ko gishiri a ƙasa, ki ɗora ƙarfen ɗora tukunya ko gwangwanaye 3, ki rufe ta yi zafi minti 10 sannan ki sa farantin a kai. Wuta matsakaiciya, kuma don Allah banda buɗe-buɗe, sai bayan minti 20 ki leƙa. Zai iya kai wa minti 30, saman ba zai yi ja sosai ba sai in kin ɗora garwashi kaɗan a kan murfin. Ki ɗaga guda ki ƙwanƙwasa ƙasansa, in ya yi ƙara kamar ba komai a ciki ya gasu.

Tambaya: Anti in ya kwana fa?

Amsa: Zai ɗan bushe 'yar uwa, na gida ba shi da sinadarin da ke sa na kanti ya yi mako da laushi. Ki raba shi biyu ki gasa a kasko ki shafa bota, su ma masu abin haka suke ci. Kar ki sa a firij, can ya fi saurin bushewa, in kina da wuta tsayayya ki ƙulle a leda ki jefa firiza.