Tambaya da Amsa: Malamin kasuwanci, shugaban mawaƙa, ga kuma jakar ikilisiya

TAMBAYA: Ni malami ne a wata makarantar sakandare a Jos, ina koyar da darasin kasuwanci da lissafin kuɗi, kuma na daɗe ina shugabancin ƙungiyar mawaƙa a majami'armu. Yanzu dattawa sun roƙe ni in karɓi aikin ma'aji, domin a cewarsu babu wanda ya kai ni sanin lissafi. Uwargidana ba ta amince ba, tana cewa ko yanzu ma yara ba sa ganina sai dare. Shin ƙin karɓa zai zama gudun hidimar Ubangiji?
Wani malami, Tudun Wada, Jos

AMSA: Malam, salama a gare ka. Shawarata ita ce kada ka karɓi jakar muddin kana riƙe da mawaƙa, kuma dalilin yana cikin darasin da kai da kanka kake koyarwa: wanda yake neman a kashe kuɗi bai kamata ya zama mai fitar da su ba. Shugaban mawaƙa ba ya rabuwa da buƙata, yau gyaran lasifika, gobe ɗinkin riguna, jibi kuɗin motar zuwa taron waƙa a Bukuru ko Gindiri. Idan kai ne mai rubuta buƙatar, kai ne kuma mai sa hannu a biya, to ko ba ka taɓa sisin kwabo ba, ka ba masu zargi abin faɗa. Manzo Bulus ma, sa'ad da ake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, bai ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, ikilisiyoyi ne suka zaɓi wanda zai yi rakiya, kamar yadda yake a 2 Korintiyawa sura 8.

Ina kuma ganin kana raina abin da yake hannunka. A Jos, inda hedikwatar manyan ikilisiyoyin nan biyu, ECWA da COCIN, suke, Hausa ce take haɗa Berom da Ngas da Tarok da Afizere a sujada ɗaya, kuma ko da yake cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa tun 1932, iyayenmu da yawa da ba su sami zarafin koyon karatu ba, ta bakin mawaƙa koyarwar ta shiga zukatansu. Mutumin da zai zaunar da matasa da yamma, ya raba su muryoyi huɗu, ya yi ta maimaita do-re-mi har kunnensu ya faɗa, ya kuma tace kalmomin waƙa domin kada a rera abin da ya saɓa wa koyarwa, ya fi ma'aji wuyar samu nesa ba kusa ba.

Duk da haka dattawan suna da gaskiya, iliminka hakkin jama'a ne. Ka roƙe su su zaɓi wani amintacce, kai kuma ka koya masa aikin: littafin shiga da fita, ƙirga baiko, wato kuɗin da masu sujada suke bayarwa, a gaban mutum biyu ko uku da za su sa hannu, kai kuɗin banki washegari, ajiye rasit, da karanta rahoto a gaban ikilisiya duk bayan wata uku. Idan da sauran ƙarfi, ka tuna da Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan ikilisiya, domin da yawansu 'yan kasuwa ne a Taminus da Farin Gada, kuma tun gobarar babbar kasuwar Jos a 2002 wasu suke ta fama da ƙaramin jari. Zama ɗaya a wata, inda za ka nuna musu yadda ake raba uwar kuɗi da riba da yadda ake rubuta bashi, zai taimaki gidaje masu yawa.

Maganar uwargida kuwa, kada ka ɗauke ta ƙorafi kawai, ita ce take ganin abin da dattawa ba sa gani, ga kuma ɗalibanka masu jiran jarrabawar WAEC. Ku je wurin fasto tare, ka yi godiya bisa amincewar da aka nuna maka, sannan ka faɗi ranar da za ka fara zama da sabon ma'ajin.