Amsa ga yarona kan zanen gilashi

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka taɓa gilashin nan kafin darakta ya yanke sa'ar da zai ɗauki hoton fim ɗin. Ba zan tsaya koya maka wanke gilashi ko haɗa fenti ba, wanda bai iya wannan ba bai kamata ya shigo shagona ba.

Aikinmu tun zamanin Norman Dawn, mai shirya fim ɗan Amurka, wanda ya zana a kan gilashi a 1907 don cike rusassun gine-ginen Kalifoniya a cikin fim ɗinsa, bai canja ba: ana kafa gilashin tsakanin kyamara da wurin, a zana tsohon gari a sama ya rufe benaye, wayoyin lantarki da ƙarfen sabis, a bar ƙasa fayau inda 'yan wasa za su wuce. Dalilin hana ka shi ne, inuwar da ka zana ba ta motsi, ta rana kuwa tafiya take yi.

Wani furodusa ya taɓa zuwa wurina yana son tashar jirgin ƙasa ta Agege da ke Legas kamar yadda take a shekarun 1950, lokacin da fatake ke loda huhunan goro zuwa Arewa. Muka yi magana za a ɗauki hoton da hantsi, ya ba ni kafin alƙalami kaɗan, na sayi gilashi da kuɗina, na zana rufin kwano da itatuwa da hayaƙin jirgi, kowace inuwa ta kwanta yamma. Ranar ɗauka jarumarsa ta makara, ba a kunna kyamara ba sai bayan la'asar, sa'annan wani yaronsa ya ja ƙafar kyamarar daga inda na sa alama. Inuwar mutane ta nufi gabas, tawa tana yamma, rufin tashar kuma ya rabu da bangonsa. A gaban jama'a furodusan ya ce ban iya aiki ba, ya hana ni cikon kuɗina, ya tafi da gilashin, daga baya na ga zanena a fostar fim ɗinsa. Har yau idan na bi ta Agege sai raina ya ɓaci.

Ku yaran yanzu kun saba da kwamfuta, inda ake gyara kuskure da danna maɓalli ɗaya, shi ya sa ba ku da haƙurin zama ku kalli rana. Gobe ka je wurin ɗaukar fim ɗin da hantsi, ka auna tsawon inuwar bango, ka buga ƙusa inda kowace ƙafar kyamara za ta tsaya, kuma kada ka dawo sai darakta ya rubuta sa'ar a takarda ya sa hannu.